Bin Sawun Ɗan Tsako Daga Kano Zuwa Ibadan

Kaso mai yawa na 'yan tsakin buroila da ake kiwo a Kano da kewayenta, wato kajin gidan gona da ake tanada domin nama ana yankawa bayan mako shida zuwa takwas, ba a ƙasar Hausa ake ƙyanƙyashe su ba. Daga Ibadan da garuruwan da ke gefenta ake lodinsu a mota, su sha tafiyar kusan kilomita 1,000 tun ba su cika kwana biyu a duniya ba. Wannan ne ya sa wasu masu kiwon kaji na Kano, waɗanda mace-macen makon farko suka daɗe suna cinye musu jari, suka yanke shawarar bin hanyar da tsakin ke biyowa har zuwa inda ake zuba ƙwai a inji, domin su gane ko laifin na hanya ne, ko na mai ƙyanƙyasa, ko kuwa nasu ne. A cikin tawagar akwai masu gonaki, da dillalin 'yan tsaki, da wani likitan dabbobi wanda shi ya nemo musu izinin shiga wani babban gidan ƙyanƙyasa, kuma sun zaɓi watan Oktoba, lokacin da kasuwar tsaki ke tashi saboda masu kiwon kajin Kirsimeti.

An bar Kano bayan sallar asuba ta hanyar Zariya, kuma tun kafin a kai Kwanar Dangora aka soma wuce tireloli maƙare da buhunan masara da waken suya sun nufi Kudu. Hatsin da kaza ke ci daga Arewa yake fita, ya je ya ciyar da iyayen kaji a ƙasar Yarbawa, sa'an nan ya komo a siffar tsako da kuɗin mota na zuwa da dawowa a kansa. Ba a tsaya a Zariya ba, ko da yake a Shika, kusa da ita, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa take, wadda ta fitar da kazar ƙwai mai suna ShikaBrown. Da aka iso Jaji likitan ya tunatar da abokan tafiyarsa cewa a wata gona ta wannan yanki aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a watan Fabrairun 2006, karo na farko a nahiyar Afirka, don haka kada su yi mamakin tsananin tsaron da za su tarar a ƙofar gonakin da za su ziyarta. Bayan Kaduna, a kan hanyar Abuja, an wuce yankin da kamfanin Olam ya buɗe masana'antar abincin kaji da gidan ƙyanƙyasa a 2017, wanda aka gina don fitar da tsaki kimanin miliyan 1.6 a mako. Ashe Arewa ba ta rasa inji ba, sai dai har yanzu kasuwar da dillalai ke sauraro kafin su yanka farashi tana Ibadan.

Tsohuwar hanyar Birnin Gwari da Tegina ta fi kusa, amma fargabar 'yan bindiga ta sa direbobi da yawa sun ƙaurace mata, saboda haka tawagar ta gangara har mahaɗar Dikko kusa da Suleja, ta karkata yamma zuwa Lambata, ta bi ta Lapai da Agaie zuwa Bidda. Wannan yanki shi ya fi wahalar da matafiya, domin kwalta ta farfashe a wurare da dama, manyan motoci kuma sukan toshe hanya in ɗaya ta kafe. A Bidda aka ci shinkafar Nufawa da kifi, kuma daga nan farashin kaya ya fara juyawa: doya da manja suna sauƙi, gero da nono suna tsada, man fetur kuwa, wanda kuɗinsa ya ninka fiye da sau biyu bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, ko'ina sai an yi tsaki kafin a biya.

An kwana a Makwa, garin da tireloli ke yada zango, a wani masauki mai sauƙin kuɗi da fanka ɗaya a ɗaki, kuma a nan, wajen mai shayi, matafiyan suka ga abin da suka fito nema ya zo ya same su. Wata bas da aka cire wa kujeru ta tsaya shan mai, cike da kwalaye masu huji an jera su da tazara tsakaninsu, tagogi duk a buɗe, kukan tsaki na tashi kamar ana kaɗa ƙananan ƙararrawa. Direban, mutumin Funtuwa ne, ko zama bai yi ba, a tsaye ya sha shayinsa, ya kuma bayyana cewa shi sanyin dare bai dame shi ba, abin tsoronsa shi ne tsayuwa, domin da zarar mota ta tsaya iska ta daina ratsa kwalayen, zafin jikin dubban tsaki ya taru a tsakiya, waɗanda ke can ciki su fara haki su mutu tun ba a ankara ba. Likitan ya ƙara da cewa abin da ya sa tsako ke iya jure irin wannan tafiya ba ci ba sha shi ne ragowar gwaiduwa da yake janyewa cikin cikinsa gab da fita daga ƙwai, wadda takan riƙe shi har kusan kwana uku. Sai dai guzuri ne na tsira da rai kawai, duk awar da aka ƙara ba tare da ruwa da abinci ba tana rage wa tsakon saurin girma daga baya.

Washegari aka haye Kogin Kwara a gadar Jabba, aka wuce Ilori, aka shiga ƙunƙuntar hanyar Ogbomosho zuwa Oyo inda tireloli ke bin juna a jere. Kusa da Oyo akwai garin Awe, mazaunin kamfanin Amo da ya fitar da kazar Noiler, wadda matan aure a Arewa suka karɓa hannu bibbiyu saboda tana jure kiwon tsakar gida. Da la'asar aka hango jajayen rufin kwanon Ibadan, wadda Hausawa ke kira Badun, aka sauka a Sabo, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916 lokacin da fataucin goro da shanu ke tashe. Fatoman da ya sauke su, dattijo ne da aka haifa a unguwar, ya tarbe su da "Sannunku da hanya, Alhazai, yaya aka baro mutanen gida?", ya ba su ɗakin baƙi, aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, da aka zo maganar kuɗin kwana kuwa ya ƙi ko saurara, sai goron da suka saya masa ya karɓa don kada su ji nauyi. A kasuwa sun tarar tumatir da albasa da nama sun fi na Kano tsada nesa ba kusa ba, alhali goro da ayaba da garin rogo kusan kyauta ne in an gwada da gida.

Ziyarar ta fara ne daga gonar iyayen kaji, can bayan gari, bayan an sa hannu a littafin baƙi kuma an amsa tambaya kan ranar da kowa ya shiga wata gonar kaji a ƙarshe. An fesa wa motar magani, kowane baƙo ya yi wanka ya sauya tufafi da takalman gonar, wayoyi ma sai da aka goge su. Wanda ya saba da gonakin gida, inda mai sayen taki da mai kawo dusa ke ratsa ɗakin kaji da takalmansu, sai ya ɗauka fankama ce, amma cuta da yawa daga uwa take bi ta cikin ƙwai ko ta kan ɓawonsa ta kama tsako, don haka tsabtar wannan wuri ita ce rigakafin farko na kajin da za a yi kiwo a Kano. Irin kajin da ake ajiyewa sanannu ne a duniya, irin su Ross 308 da Cobb 500 da Arbor Acres, kuma haɗin jinsi ne da kamfanonin waje suka tace, shi ya sa wanda ya bar buroilarsa ta girma ya tara ƙwanta don ƙyanƙyasa ba ya samun tsaki masu girma irin na iyayen. Manajan gonar ya nuna musu yadda ake auna wa iyayen abinci da sikeli kullum, domin jinsin an yi shi ne don saurin ƙiba, in an sake masa abinci kazar ta yi kitse ta rage ƙwai, zakaran kuma ƙirji ya yi masa nauyi ya kasa barbara. Ana sa zakara 8 zuwa 10 ga kaji 100, in garke ya haura mako 40 kuma akan shigo da samarin zakaru don su farfaɗo da barbarar. Kajin sukan fara ƙwai wajen mako 24 zuwa 25, a sallame su bayan mako 60, kuma shekarunsu na bayyana a jikin 'ya'yansu: sabon garke ƙwansa ƙanana ne, tsakinsa ƙanana masu saurin jin sanyi, tsohon garke kuwa ƙwansa manya ne amma ɓawon ya yi siriri, marasa zakara kuma sun yi yawa a ciki.

Ana kwashe ƙwai aƙalla sau huɗu a yini, kuma duk wanda aka tsinta a ƙasa, ko ya ɓaci da kashi, ko ya tsage, ko siffarsa ta karkace, ana ware shi. Ɗaya daga cikin baƙin, mai ƙaramin injin ƙyanƙyasa a gida, ya tambaya me zai hana a goge mai dattin da jiƙaƙƙen tsumma, sai aka bayyana masa cewa ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi da ɗan tayin ke numfashi ta cikinsu, a samansu kuma akwai wani siririn rufi da kaza ke shafa masa lokacin da take nasa shi. Jiƙaƙƙen tsumma yana cire rufin ya tura ƙwayoyin cuta ciki, irin wannan ƙwan ne ke ruɓewa ya fashe a inji ya gurɓata ɗaruruwan da ke kusa da shi.

Ɗakin ajiyar ƙwai shi ne wurin da ya fi ba baƙin mamaki, ko da yake ba kome a cikinsa sai kiret-kiret da na'urar sanyaya ɗaki. Ana riƙe zafinsa a digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas, da danshin iska wajen kashi 75 cikin 100, kowane ƙwai an kifa tsininsa ƙasa, faffaɗan kan da ke ɗauke da jakar iska yana sama, kowane kiret da ranar da aka nasa shi da lambar garken. Dalili shi ne ɗan tayin da ke cikin ƙwai mai zakara yana da rai tun daga ranar farko, in zafi ya haura digiri ashirin da 'yan kai sai ya fara girma a gurguje ba bisa ƙa'ida ba, ya raunana ko ya mutu kafin a kai shi inji. A Kano, inda zafin bazara ke kai digiri 40, ƙwan da aka tara a kwando a ɗakin kwano na mako guda ya riga ya lalace tun mai shi bai kunna inji ba, ga shi kuma injin ne zai sha zagi. Ko a ɗakin sanyi, in ajiya ta wuce kwana 7 yawan ƙyanƙyasa yana raguwa kullum, kowace rana kuma tana jinkirta fitowar tsako da kimanin awa ɗaya. Inda tilas ta sa a daɗe, akan ɗumama ƙwan na 'yan awoyi a tsakiyar ajiya a mayar da shi sanyi, dabarar da aka kwaikwayo daga kaza mai tara ƙwai, wadda duk zuwan da ta yi nasa sabo takan ɗan ɗumama na baya. Kafin a zuba a inji kuma ana barin ƙwan ya ɗumama a hankali, don kada ya yi gumi, matsalar da ta fi tsanani a Ibadan mai laima. A Arewa akasin haka ne, musamman da hunturu, lokacin da danshin iska ke faɗuwa ƙasa da kashi 20 cikin 100 ya tsotse ruwan ƙwai.

Kwana 21 ƙwan kaza ke yi, 18 na farko a injin kwanci, sauran a injin ƙyanƙyashewa. A na farkon, abin da ma'aikata ke bi shi ne zafin ɓawon ƙwan kansa, wanda ake so ya tsaya a digiri 37.8, suna auna shi da ma'aunin kunne irin na asibiti, ba su dogara da lambar da ke jikin allon inji kaɗai ba. Tirori suna karkata dama da hagu da kusurwar digiri 45 duk awa, don kada ɗan tayin ya manne wa fatar ciki, aikin da kaza mai kwanci ke yi da bakinta ba wanda ya koya mata. Ana kuma auna nauyin wasu tirori ranar zubawa da rana ta 18, domin ƙwai ya kamata ya rasa kashi 11 zuwa 13 cikin 100 na nauyinsa ta hanyar tururi: in bai kai haka ba jakar iskar takan yi ƙanƙanta tsakon ya shaƙe, in ya wuce kuma ya fito a bushe. Wani abin da masu ƙananan injuna ba su cika sani ba shi ne, daga tsakiyar kwanakin kwanci ɗan tayin yana fitar da zafin kansa, har aikin babban inji ya koma fitar da zafi da shigo da iska. Saboda haka ɗaukewar wuta a nan zafi da shaƙewa take jawowa, ba sanyi ba, shi ya sa gidan ke da janareta da mai jiran gadonsa, kuma kuɗin man dizal da suke sha yana cikin farashin kowane tsako.

Bayan an ci amala da miyar lalo da ta wake, wadda masu masaukin suka dage sai baƙi sun ƙara, aka kai su bayan gini inda ake fasa baragurbi, wato ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba. A gida bola ake zubar da shi a toshe hanci, a nan kuwa wata ma'aikaciya ce zaune da safar hannu da takarda, tana fasa su ɗaya bayan ɗaya daga faffaɗan kai tana rubutawa. Wanda gwaiduwarsa take fes ba alamar kome, ba shi da zakara, laifin yana gonar iyaye. Wanda aka ga zoben jini a cikinsa ya mutu a kwanakin farko, sai a tuhumi ajiya ko jijjigar mota. Wanda ya yi baƙi yana wari, ƙazanta ce. Wanda tsakon ya cika har da gashi amma kansa yana wajen tsini, an jera ƙwan a kife ne, wanda kuma ya huda ɓawo ya mutu a nan, sai a duba zafi da iska na kwanakin ƙarshe. Da wannan takarda ake bambance lissafi biyu da mutane ke cakuɗawa: yawan tsakin da aka samu daga dukan ƙwan da aka zuba, wanda a garke mai ƙarfi yakan kai kashi 85 cikin 100 ko fiye, da yawan da aka samu daga masu zakara kaɗai, wanda shi ne ainihin ma'aunin aikin inji. Wannan aiki mai wari, da ba ya bukatar kome sai haƙuri da biro, ya fi duk na'urorin gidan amfani ga mai ƙaramin jari.

Ranar fitar da tsaki, tun da duhu, baƙin sun tsaya bayan masu tancewa. Hannu ɗaya ke ɗaukar tsako a juya shi a dubi cibiya, wadda ya kamata ta rufe ruf ba baƙin ƙulli ba zare, domin ta nan cuta ke shiga ta ruɓar da ragowar gwaiduwa ta kashe shi a kwana uku zuwa biyar na farko. Ana duba ido ko a buɗe yake yana sheƙi, a taɓa ciki ko da taushi, a dubi ƙafa: jan gwiwa alamar ya sha zafi ne ya yi fama wajen fita, busasshiyar ƙafa mai jijiyoyi a fili kuma alamar ya daɗe da fitowa yana jiran 'yan'uwansa. Lafiyayyen tsako in an kwantar da shi rigingine yakan miƙe cikin daƙiƙa uku, nauyinsa kuma yakan kama kashi 66 zuwa 68 cikin 100 na nauyin ƙwan da ya fito daga ciki. Bayan rigakafi, na allura da na feshi, ana ƙirga 50 a kwali a ɗora ɗaya gyara.

Daga nan kwalayen suke wucewa kasuwar Oluyole da ke Ibadan, wadda ke ci Litinin da Alhamis, ranakun da gidajen ƙyanƙyasa ke fitar da kaya. Farashi a nan ba ya kwana wuri ɗaya: yana hawa daga Satumba zuwa Nuwamba, ya faɗi bayan sabuwar shekara, ya sake motsawa gabanin azumi da salla, wani lokaci ma tsakanin safiya da hantsi ya sauya. Dillalin tawagar ya nuna wa abokansa abin da idon baƙo ba zai kama ba, wato tsakin da aka ware a matsayin na biyu ana sake zuba su a kwali mai tambarin kamfani, da fararen zakarun kajin ƙwai, masu arha ƙwarai, da akan cusa wa wanda bai sani ba da sunan buroila, sai bayan mako uku ya ga suna ci ba sa ƙiba. Tun da abinci ke cinye kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin kiwon buroila, rangwamen da aka samu a kan kwalin tsaki marasa inganci bai kai kuɗin buhunan da za su ci a banza ba, kuma gaskiyar magana ita ce yawancin masu saye daga Arewa farashi da sunan kamfani kawai suke tambaya.

Tawagar ta juyo da yamma tare da nata kwalayen, aka yi tafiyar dare don guje wa rana, aka kuma buga waya gida tun daga Ilori a kunna gawayi a ɗumama ɗakin reno, a shimfiɗa takarda a barbaɗa abinci, a ajiye ruwa ya huce. Likitan ya gindaya musu ma'aunin da za su yi wa kansu hukunci da shi: bayan awa 24 da sauka, a taɓa jakar abincin da ke gindin wuyan tsaki, a samu aƙalla 95 cikin 100 a cike, mace-macen makon farko kada su wuce ɗaya cikin ɗari, nauyin tsako kuma ya ninka sau huɗu ko fiye a rana ta 7. In an cika waɗannan sharuɗɗa na reno amma tsaki suka ci gaba da zubewa da ruɓaɓɓiyar cibiya, to mai gona yana da hujjar komawa kan wanda ya sayar masa. Masu niyyar kafa gidan ƙyanƙyasa a Kano ko Katsina kuwa, masara da waken suya suna ƙofar gidansu, tafiyar kilomita 1,000 kuma za ta fita daga lissafi, amma su fara tanadin garken iyaye mai tsabta da ɗakin sanyi da wutar da ba ta yankewa kafin su yi odar inji. Mai sayen kwali biyu ko uku shi ma yana da haƙƙin ya tambayi dillalinsa makonnin iyayen tsakin da ranar da aka ƙyanƙyashe su, in dillalin ya kasa amsawa ya nemi wani.